Kafin ka ɗauki famfon feshi, duba bakin ƙwaron

Wata ɗabi'a ta zama ruwan dare a gonakin auduga da na wake daga Funtuwa har Gusau. Manomi ya hango jan ƙwaro a kan ganye, ko sunkuyawa bai yi ya duba ba, sai ya garzaya kasuwa ya sayo magani, ya gauraya kala biyu ko uku a famfo ɗaya, ya yi wa gonar wanka. Bayan 'yan makonni tsutsa ta dawo fiye da da, ya ce an sayar masa da jabu. Sau da yawa maganin ya yi aiki, har ya wuce gona da iri, domin ya kashe masu gadin gonar.

Cikin masu gadin nan akwai ƙwari mafarauta da masana ke kira Reduviidae, dangi mai nau'i kusan 7,000 a duniya. Ba ruwansu da ganye. Sukan laɓe, su cafke tsutsa ko wani ƙwaro da ƙafafun gaba, su soka masa baki, su zuba yawun da ke sandarar da shi ya narkar da cikinsa, sannan su tsotse, su yar da ɓawon.

Abin takaicin shi ne wani nau'insu da ake samu a gonakin auduga na Afirka ta Yamma, mai suna Phonoctonus, ya yi kama sosai da jan ƙwaron da ke ɓata farin auduga, alhali jan ƙwaron ne abincinsa. Mai gaggawa ba zai bambance su ba. To, duba baki. Na maɓarnacin dogo ne siriri, a miƙe yake a ƙarƙashin ciki. Na mafaraucin gajere ne mai kauri, a lanƙwashe, ga ɗan wuya tsakanin kai da jiki. Maɓarnatan kuma cincirindo suke yi wuri guda. Wannan dubawar ba ta kai minti biyar ba, amma mutum ya gwammace ya zubar da kuɗin kwalba uku! Ka zaga gonar da safe, ka ga yawan ɓarnar, ka tambayi malamin gona. In feshin ya zama dole, magani ɗaya ya isa, a gwargwadon da aka rubuta a jikin kwalba, kuma a wurin da ɓarnar take kawai.

Sai dai kada a kama mafaraucin da hannu, a kuma ja wa yara kunne. Cizonsa na da zafi ƙwarai. A wanke wurin da sabulu, in kumburi ya yaɗu ko numfashi ya yi wuya a tafi asibiti. 'Yan uwansa masu shan jinin mutum da ke yaɗa cutar Chagas, wadda likitan Barazil Carlos Chagas ya gano a 1909, matsalar ƙasashen Latin Amurka ce, ba ta gonakinmu ba.