MADUBIN BINDIGA: KO ZAI JURE ƘURAR HUNTURU DA HANYOYINMU?

Da zarar an gama girbi, hatsi ya shiga rumbu, iskar hunturu ta fara kaɗawa, sai hankalin maza da yawa a wannan yanki namu na arewa maso yammacin Jigawa ya koma daji. Daga Achilafiya zuwa Karkarna, daga duwatsun Kazaure da Roni zuwa Gwiwa, har Babura can bakin iyakar Nijar, za ka ji kukan karnuka da kirarin mafarauta tun da sassafe. Wannan ba baƙon abu ba ne a gare mu. Tarihin baka ma ya nuna cewa wani maharbi mai suna Kutumbi ne ya fara kafa Kazaure, tun kafin Ɗan Tunku ya kafa sarautar da muka sani a 1819.

Abin da yake baƙo shi ne wani ɗan bututu mai gilashi da samarinmu suka fara sha'awar ɗaura wa bindigoginsu, musamman bindigar iska ta harbin tsuntsaye. Suna ganinsa a finafinai da wayar hannu, inda Bature zai kwanta a kan tudu ya kayar da dabba daga nisan da ido ba ya kaiwa. Wasu har sukan sayar da akuya don su mallake shi. To, kafin wani ya sake rabuwa da akuyarsa, mun ga ya kamata mu zauna da mai karatu mu duba wannan madubi: yaya yake aiki, me ke kashe shi, kuma wane ne yake da bukatarsa?

YADDA MADUBIN YAKE

Tun a ƙarni na 19 aka fara ɗaura wa bindiga madubin hangen nesa. Wani maƙeri a Amurka, William Malcolm, ya fara ƙera shi don sayarwa a 1855, kuma an yi amfani da irinsa a yaƙin basasar ƙasar. Na wancan zamani dogo ne ƙwarai, kusan tsawon bindigar kanta. Na yau bai fi taƙi ɗaya da rabi ba.

A cikin bututun akwai gilasai jere da juna, da layuka biyu sirara da suka gitta juna a tsakiya. Inda suka haɗu, nan ake so harsashi ya faɗa. Akwai kuma wani ƙaramin bututu a can ciki, wanda sifirin ke tokare da shi, da maɓallai biyu da ake murɗawa don a matsar da saiti sama ko ƙasa, dama ko hagu. Idan ka ga an rubuta 4x32 a jikinsa, ma'anarsa yana kusanto da abu sau 4, kuma faɗin gilashin gaba milimita 32 ne. Idan 3-9x40 ne, ana iya murɗa shi daga sau 3 zuwa sau 9.

Amma fa mu lura da abu guda. Madubi ba ya ƙara wa harsashi ƙarfi, ba ya ƙara masa nisa. Ido kawai yake taimaka wa. Kuma duk amfaninsa ya rataya ne a kan sharaɗi ɗaya: ya tsaya daram inda aka saita shi, yau da gobe da jibi.

Bari mu yi ɗan lissafi. A ce tazarar zobba biyu da ke riƙe da madubi a kan bindiga santimita 10 ce. Idan gefe ɗaya ya gusa da kaurin takarda guda, wato kashi ɗaya bisa goma na milimita, to a nisan mita 100 harsashi zai kauce da santimita 10. A mita 300 kuwa, santimita 30. Gusawar da ido ba zai gani ba ta isa ta sa a auna ƙirjin gada a samu cinyarta, ko a auna zabon daji a samu abin da ke bayansa.

MAƘIYAN MADUBI

Maƙiyi na farko shi ne bindigar kanta. Duk harbi ɗaya, naushin da kafaɗa ke sha, madubi ma yana shan irinsa. Mai arha, wanda aka manne gilasansa da gam kawai, yakan fara kwancewa daga ciki ba tare da mai shi ya sani ba. A nan akwai abin mamaki. Mutane na zaton bindigar iska ba ta da ƙarfi, don haka kowane madubi zai zauna a kanta. Alhali kuwa bindigar iska mai sifirin, irin wadda ake karya bakinta a ɗana, ta yi ƙaurin suna wajen kashe madubi. Dalili shi ne naushinta biyu ne: ta fizga baya, nan take kuma ta fizga gaba. Yawancin madubai an ƙera su ne don su jure fizgar baya kaɗai. Saboda haka ne masu ƙerawa ke yin na musamman don bindigar iska, kuma sukan rubuta haka a kwalinsa.

Na biyu shi ne laima. Idan iska mai danshi ta shiga bututun, ranar da sanyi ya sauka sai gilashi ya yi hazo daga ciki, inda tsumma ba ya kaiwa. Wannan matsala ta daɗe tana damun maharba. A yaƙin da aka yi tsakanin Finlan da Tarayyar Sobiyet daga 1939 zuwa 1940, shahararren gwanin harbin nan Simo Hayha ya zaɓi saitin ƙarfe na ainihi a kan madubi, kuma cikin dalilansa har da hazon gilashi a tsananin sanyi da ƙyallinsa a rana. A Amurka ma, labarin kamfanin Leupold ya nuna cewa barewa ce ta kuɓuce wa Marcus Leupold saboda madubinsa ya yi hazo, shi ya sa a ƙarshen shekarun 1940 suka fara fitar da madubin da aka zuƙe iskar cikinsa, aka cika shi da busasshiyar iskar naitirojin, aka toshe da zoben roba. Haka ake yi wa kowane madubin kirki a yau. Mu nan ba mu da ƙanƙara, amma muna da damina. Madubin da ya kwana a ɗakin ƙasa daga Yuli zuwa Satumba, idan robarsa ta saki, zai sha laima, wani lokaci har fumfuna ta tsiro a gilashin.

Na uku shi ne ƙurar hunturu, wadda take zuwa daidai lokacin farauta. Gilashin madubi yana da wani shafe siriri da ke hana haske tarwatsewa, dabarar da aka gano a kamfanin Zeiss na Jamus a 1935. Ƙurar da iska ke kwasowa daga Sahara tana da ƙananan ƙwayoyin yashi. Mutum ya kama bakin rigarsa ya goge gilashi a bushe, to kamar ya sa takardar gugar katako ce. Sau ɗaya ba a gani, amma kafin rani ya fita madubi ya dushe.

Na huɗu shi ne zafin bazara. A watan Afrilu zafi kan haura digiri 40 a inuwa, balle ƙarfen da aka bari a rana. Roba takan bushe ta tsage, man da ke cikin maɓallai ya narke ya malala.

Na biyar, wanda a ganinmu ya fi sauran ɓarna a karkara, shi ne babur. Bindigar da aka ɗaure a bayan babur aka bi da ita hanyar burji mai gargada ta sha girgiza sau dubbai kafin a isa daji. Notinan zobba kan saki a hankali. Mai ita ya saita ta jiya a bayan gida, yau ya iso daji da saitin da ya riga ya gudu.

Daɗin daɗawa, ga jabu. Sunan babban kamfani ba shi da wuyar bugawa a jikin bututu, kuma akwai madubai da aka yi don bindigogin wasa, masu kama da na gaske sak. Masu iya magana sun ce araha ba ta ado.

WANE NE YAKE BUKATARSA?

Nan ne ya kamata mu faɗa wa juna gaskiya. Harbin nesa aikin bindiga ce mai harsashi ɗaya, wadda aka yi wa cikin bakinta zare don harsashin ya tafi yana juyawa. Adakar da maƙeranmu ke yi ba ta da wannan zare. Ana ɗura mata albarushi da gutsattsarin ƙarfe ko dalma, kuma ɗurin yau ba ya zama daidai da na gobe. Ita da bindiga mai baki biyu duk watsa ƙwayoyi suke yi, kuma bayan kamar mita 40 ba su da tabbas. Ɗaura musu madubi kamar ɗaura wa jaki sirdin doki ne. Ga kuma haɗari: idan ido ya matsa kusa, naushin bindiga kan sa bakin madubi ya fasa gira.

Bindigar iska ita ce madubi zai iya yi wa amfani, amma ita ma iyakarta mita 30 zuwa 40 a kan kurciya ko hasbiya.

Sannan me ya rage a dajin namu da za a harba daga nesa? Zomo, gafiya, kurege, makwarwa da zabon daji, sai gada jefi-jefi. Manyan namun daji sun koma wuraren da doka ta killace, irin su Yankari a Jihar Bauci da Falgore a Jihar Kano, tsuntsayen ruwa kuma a Baturiya can ƙasar Haɗeja, kuma duk an hana farauta a cikinsu.

Iyayenmu maharba suna da tasu amsar game da nisa, wato sanɗa. Maharbi kan ɗaura kan burtu a goshinsa, ya lulluɓa da baƙin zane, ya duƙa yana tafiya yana sassara ƙasa kamar tsuntsun, iska na busowa daga wajen dabba zuwa gare shi, har ya iso inda kibiya ba za ta kuskure ba. Wanda ya matso haka ya san abin da zai harba, ya kuma ga abin da ke kewaye da shi.

ABIN DA MADUBI KE ƁOYEWA

Wannan shi ne babban abin da ya sa muka ɗauki alƙalami. Madubi yana kusanto da abu, amma yana rage faɗin abin da ido ke gani. Idan aka murɗa shi zuwa sau 9, a nisan mita 100 mutum ba ya ganin fili da ya wuce faɗin mita 4 ko 5. Duk abin da ke dama da hagu ya ɓace. Ƙasarmu kuwa ba dajin da babu kowa ba ce. Gona na jikin gona, ruga na bayan tudu, mata na ɗebo itace, yara na bin awaki a cikin kara. Ƙaramin harsashin nan da ake kira .22 yana iya tafiyar fiye da kilomita ɗaya da rabi idan bai samu abin da ya tare shi ba. Madubin da saitinsa ya gudu, a hannun wanda ba ya ganin gefensa, a filin da ke cike da mutane: mai karatu ya haɗa waɗannan uku da kansa. Ran ɗan Adam ba shi da madadi, kuma "ban gan shi ba" ba ta taɓa ta da mamaci ba.

Haka kuma kada a mai da madubin bindiga abin leƙe. Duk wanda ka leƙa ta cikinsa don ka gane ko wane ne, ka riga ka auna shi da bakin bindiga.

Sai maganar doka. Dokar makamai ta 1959 ta raba bindigogi kashi uku. Na yaƙi an haramta su sai da izinin Shugaban Ƙasa. Bindigar farauta, da mai baki biyu, har da bindigar iska, suna bukatar lasin daga Sufeto Janar na 'yan sanda. Adaka da 'yan uwanta na ɗuri kuwa suna ƙarƙashin Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Da yawa ba su san bindigar iska na cikin lissafin ba. A zamanin nan na tsoro da zargi, bindiga mai madubi kama take da kayan yaƙi a idon wanda bai sani ba. Ba mu manta da mafarauta 16 'yan Arewa da aka kashe a Uromi ta Jihar Edo a watan Maris na 2025 ba, suna kan hanyar komawa gida Kano yin Salla, bayan an ga bindigogin gargajiya a motarsu. Babu abin da zai halatta wannan ta'asa, amma ta nuna mana irin idon da ake kallon mai ɗauke da bindiga da shi a yau.

SHAWARA GA MAI SHI

Wanda yake da lasin kuma ya riga ya saya, ga abin da za mu ce. Ya gwada madubinsa a gindin tudu ko ganuwar ƙasa, inda babu mai wucewa. Ya yi harbi uku a takarda, ya ɗan bubbuga bututun da tafin hannu, ya sake uku. Idan na biyun sun bar inda na farko suka faɗa, madubin ba abin dogaro ba ne, a cire shi. Ya sake wannan gwaji duk lokacin da bindiga ta faɗi ko ta yi doguwar tafiya a babur. Ya riƙa duba notina. Ya hure ƙura tukuna kafin ya goge gilashi da tsumma mai laushi, ya rufe bakinsa idan ba a aiki. Da damina a ajiye shi a busasshen wuri, da bazara a inuwa. Kada kuma ya cire saitin ƙarfe na ainihi, domin shi ba ya hazo, ba ya fashewa.

Ga Sarakunan Baka da shugabannin mafarauta, muna roƙo su sa wannan magana cikin gargaɗin da suke yi wa samari kafin a fita. Ga saurayin da ke shirin kai akuyarsa kasuwa kuwa, muna ba shi shawara ya bar ta ta haihu, ya nemi dattijon maharbi a unguwarsu ya koyi sanɗa tun masu ita suna raye.

Allah ya kiyaye mu da iyalanmu, ya sa a fita lafiya a dawo lafiya.