Burgami

Burgami jaka ce ta fatar akuya wadda mafarauta da maharba a ƙasar Hausa ke ratayawa a kafaɗa idan za su shiga daji. A ciki ake zuba guzuri da wuƙa da layu, da ƙananan namun da aka kama irin su zomo da zabo da fakara.

A yankin Musawa da ke kudancin jihar Katsina, da rani ake fita farauta, bayan an kawar da amfanin gona. Babbar barewa takan kai kilo 20 zuwa 35, don haka burgami ba ya ɗaukar ta. Akan yanka ta nan take tun da sauran rai domin ta halatta, a fitar da kayan ciki, a ɗaure ƙafafu, sannan a saɓa ta a wuya ko a rataye ta a sanda mutum biyu su ɗauka. In gida da nisa, sai a daddatsa a zuba a buhu.

Ba kowane buhu ke yi ba. Buhun algarara yana shan iska, naman ya huce. Buhun taki mai leda a ciki kuwa riƙe zafi da jini yake yi, ga ragowar takin da ke taɓa naman. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi kan kai digiri 40, irin wannan nama yana iya yin wari kafin a iso gari.

Yanzu barewa ta yi ƙaranci saboda gonaki sun cinye daji, yawancin abin da ake samowa burgami ya ishe shi.