Shofo a gida: abin da ya kamata a sani kafin a kafa tukunyar ruwan zafi

Da zarar hunturu ya sauko a ƙasar Adar, daga Disamba zuwa Janairu, wankan asuba yakan zama aiki. Shi ya sa a sabbin gidajen da ake ginawa a Illela, Malbaza da Birnin Ƙonni, musamman na ƴan ci-rani da suka dawo daga Abijan, ake ƙara ganin tukunyar ɗuma ruwa mai aiki da kuran, wadda aka fi sani da shofo. Sai dai na'urar tana da ƙa'idoji, kuma sakaci da su yana iya jawo asarar rai.

Shofo tukunya ce rufaffiya, ba ta da kafar numfashi. Ruwan pampo yana shiga da ƙarfinsa, ƙarfen da ke ciki ya ɗuma shi. Ruwa kuwa idan ya yi zafi kumbura yake: lita 100 da aka ɗuma zuwa digiri 60 tana ƙaruwa da kusan lita 2, kuma dole wannan ƙarin ya sami mafita. Babban haɗarin shi ne idan makatsar zafi ta lalace, wuta ta ci gaba da ci. A rufaffiyar tukunya ruwa yana wuce digiri 100 bai tafasa ba. Da ƙarfen ya tsage, wani sashe na ruwan yana zama tururi nan take, tururi kuma yana cin wurin da ya ninka na ruwa kusan sau 1,600. Ƙarfin nan yana iya rusa bango.

Abin da ke hana haka wani ɗan ƙarfe ne da masu aikin pampo ke kira gurup, a kwalinsa an rubuta «groupe de sécurité». Ana ɗaura shi a tiyon ruwan sanyi, daf da bakin tukunya. Yana buɗewa da kansa idan matsi ya kai bar 7, yana kuma hana ruwan zafi komawa cikin tiyon gida. Kada a sa wani robine tsakaninsa da tukunya.

Kuskuren da aka fi yi shi ne toshe shi. Maigida ya ga yana ɗiga, ya ɗauka yoyo ne, ya sa a liƙe bakinsa. Ɗigar nan lokacin da ruwa ke ɗumi alama ce ta cewa yana aiki. Abin yi shi ne a haɗa masa tiyo mai gangara zuwa magudana, ta yadda za a riƙa ganin ɗigon. Idan kuwa yana zuba dare da rana, ko dai ya lalace, ko ƙarfin ruwan gidan ya yi yawa. Inda ya wuce bar 5, kamar wasu gidaje masu injin tura ruwa, sai a sa abin rage matsi.

Sai batun wuta. Shofo yana buƙatar layinsa shi kaɗai, da waya mai kaurin murabba'in milimita 2.5, da wayar ƙasa, da makatsar wuta mai milliampa 30 wadda ke yankewa idan kuran ya zille. Kada a kunna shi sai ya cika: a buɗe robinen ruwan zafi har iska ta gama fita. A unguwannin da ruwa ke yawan ɗaukewa, a kashe shi har ruwan ya dawo.

Nauyi ma abin dubawa ne. Tukunya mai lita 100 idan ta cika ta haura kilo 120. Bangon laka ba ya riƙe ta, sai a ɗora ta bisa ƙafafun ƙarfe.

Zafin da ya dace a cikin tukunya digiri 55 zuwa 60 ne. Ƙasa da haka ƙwayar cutar huhu da ake kira lejiyonela tana iya hayayyafa. Sama da haka fatar yaro tana ƙonewa cikin daƙiƙoƙi. A Faransa, dokar 30 ga Nuwamba 2005 ta hana ruwan makewayi wuce digiri 50 a bakin robine, abin da ake samu ta hanyar robine mai gauraya zafi da sanyi.

Ƙasar yankin tana da farar ƙasa, ita ce ma ta kawo masana'antar siminti a Malbaza. Inda ruwa ke barin farin dasashi a buta, haka yake barinsa cikin shofo da gurup. Don haka a murɗa hannun gurup sau ɗaya a wata don ya wanke kansa, a kuma canza shi bayan kamar shekara 5.

Mai sayen shofo a kasuwar Ƙonni ko ta Tawa, sabo ne ko na hannu, ya tabbata ya haɗa da sabon gurup, ya kuma tsaya a kan mai aikin har ya ga an ɗaura shi. Rigakafi ya fi magani.