AMSOSHIN WASIƘUNKU: Haƙorin Roba Na Gaba, Wane Iri Ya Kamata A Zaɓa?

A wannan mako mun haɗa wasiƙu uku wuri guda, domin duk magana ɗaya suke yi. Ta farko daga wani mai sayar da shinkafa ce a kasuwar Talata Mafara, wanda ya faɗi da babur ya rasa haƙoransa biyu na gaba. An sa masa na roba, amma ya ce tun daga ranar abokan ciniki ke zolayarsa wai ya aro bakin yaro. Ta biyu daga wani manomi ce a Bakura. Haƙoran mahaifiyarsa na sama sun zube, yana so in ya sayar da amfanin gona ya kai ta a yi mata, amma yana tsoron kada kuɗin ya tafi a banza. Ta uku kuwa wata baiwar Allah ce daga Maradun, tana tambaya ko za a iya mayar mata da wushiryarta a haƙorin roba, domin da ita mijinta da danginta suka san ta.

To, madalla da waɗannan tambayoyi. Amsar a dunƙule ita ce, haƙorin roba mai kyau shi ne wanda ba a gane shi. Wanda ya fi fari, ko ya fi jeruwa reras, shi ne ya fi saurin tona asirin mai shi. Abin nema shi ne wanda ya yi kama da naka na dā, ya dace da shekarunka da sauran haƙoran da suka rage maka. Bari mu bi abin daki-daki.

YADDA ALLAH YA JERA SU

Baligi yana da haƙora 32, amma shida na gaba a sama su ne ake gani in ya yi magana ko dariya. Ku duba madubi za ku ga ba girmansu ɗaya ba. Biyu na tsakiya su ne manya, faɗin kowanne milimita 8 zuwa 9, kusan ƙwayar masara ke nan, tsawonsa kuma milimita 10 zuwa 11. Biyu na gefensu sun fi sirantaka, kuma sun ɗan fi gajarta da abin da bai wuce milimita ɗaya ba. Sai fiƙoƙi biyu a kusurwar baki, masu ɗan tsini, launinsu ya fi na sauran duhu. Duk wanda ya jera maka haƙora shida tsawo ɗaya, faɗi ɗaya, fari ɗaya, kamar an jera alli a kwali, to ko yaro ya kalle ka zai san na roba ne.

SIFFAR HAƘORI DA SIFFAR FUSKA

A shekarar 1914 wani likitan haƙori Ba'amurke mai suna James Leon Williams ya kasa haƙoran gaba gida uku: mai kusurwa huɗu, da mai tsukewa wajen dasashi, da mai siffar ƙwai. Ya ce in aka kifar da fuskar mutum, haɓa ta koma sama, to siffarta ita ce siffar babban haƙorinsa na gaba. Wato mai faffaɗan muƙamuƙi a ba shi mai kusurwa huɗu, mai siririyar haɓa a ba shi mai tsukewa. Har yau kamfanonin da ke yin haƙora a kan wannan tsari suke jera kayansu. A shekarun 1950 kuma wasu likitoci biyu, Frush da Fisher, suka ƙara da cewa a duba ko namiji ne ko mace, da shekarunsa, da yanayinsa: na mace a ɗan zagaye masa kusurwa, na namiji a bar masa kaifi.

Amma fa binciken da aka yi daga baya ya nuna mutane da yawa haƙoransu na asali ba su bi wannan ƙa'ida ba. Saboda haka wurin farawa ne kawai in an rasa wata shaida. Haka ma aunin da wasu ke yi da faɗin hanci, wai daga gefen hanci zuwa gefen hanci shi ne daga fiƙa zuwa fiƙa. A jikin Turawa aka fitar da wannan awo, mu kuwa da yawanmu hancinmu ya fi nasu faɗi, in aka bi shi ido rufe sai a yi wa mutum haƙoran da suka fi ƙarfin bakinsa.

Shaidar da ta fi kowacce ita ce bakinka. In haƙori ɗaya ko biyu ka rasa, irin ɗan kasuwarmu na Mafara, to maƙwabtansu da ɗan'uwansu na ɗaya gefen su ne abin kwaikwayo. In kuwa duk sun zube, irin tsohuwarmu ta Bakura, sai a nemo tsohon hoto wanda ta yi murmushi a ciki, ko na biki ne ko na suna. Mai aikin yana iya auna tazarar da ke tsakanin ƙwayar idanun nan biyu a hoto, ya auna a fuska, ya fitar da lissafin faɗin haƙorin. In babu hoto, a tafi da ɗiya ko ɗa ko ƙanwa wadda kowa ya san bakinsu iri ɗaya ne. Kada a ce a yi irin na wance ko irin na jarumar fim, zanen aro ba ya rufe katara.

MAGANAR FARI

Nan ne mafi yawanmu ke faɗawa. Likita yana da wani allo mai ɗauke da haƙoran gwaji, wanda aka fi amfani da shi launi 16 ne a jere. Da an miƙo shi sai hannu ya tafi kan wanda ya fi fari. A yi hattara. Haƙori yana ƙara duhu da shekaru, domin farin ɓawonsa na waje yana sirancewa, na ciki mai ruwan ɗorawa yana bayyana. Ga kuma goro da shayi da taba, da furen da iyayenmu mata ke gogawa. Sannan baƙar fata tana ƙara fito da hasken haƙori, launin da ka gani tsaka-tsaki a hannu, in ya shiga bakinka sai ya yi fari tas.

Ga abin yi. A fara wanke maka sauran haƙoran a asibiti, a kankare dattin goro, sannan a zaɓi launi, in ba haka ba da datti za a daidaita. A zaɓa a bakin taga da hasken rana, ba a ƙarƙashin ƙwan lantarki ba. A jiƙa haƙorin gwajin, a kara shi da naka, a yi kallo ɗaya a ɗauke kai, domin ido in ya daɗe yana kallo sai ya rikice. Mata kuma su goge jan-baki kafin a fara.

Kada a manta da dasashi. Robar da ake dasa haƙoran a kanta, wadda aka fara amfani da irinta tun 1937, galibi ja-ja ce mai haske. Da yawanmu kuwa dasashinmu baƙi ne ko mai duhu. Akwai roba mai duhu da ake yi domin irinmu, a tambaya. In mai baƙin dasashi ya yi dariya aka ga jan gyale a tsakiya, ai magana ta ƙare.

SHEKARU DA ZAMAN HAƘORI

Haƙorin matashi dogo ne, bakinsa a zagaye, in ya saki leɓe ana ganin milimita 2 zuwa 4 na haƙoran sama. Na dattijo kuwa ya cinye da tauna, bakinsa ya baje, leɓen sama ya sauko ya rufe mafi yawansa. Saboda haka ɗanmu na Bakura, kada ka matsa a yi wa Inna haƙoran amarya. A ɗan rage musu tsawo, a goge bakinsu, ko a ɗan karkata ɗaya kaɗan kamar yadda nata suke a dā. Wannan ba aibi ba ne, gwaninta ce.

Wurin zamansu ma abin dubawa ne. Tsakiyar manyan biyun ta yi daidai da kwarmin nan da ke ƙarƙashin hanci. In an tura su gaba da yawa leɓe zai turo, in an ja su baya baki zai shige ciki mutum ya ƙara tsufa.

WUSHIRYA

'Yar'uwarmu ta Maradun, kwantar da hankalinki, ana yi. A littattafan Turawa wushirya abin gyarawa ce, shi ya sa wani ma'aikacin in ba a gaya masa ba sai ya toshe ta yana ganin ya kyauta. A wurinmu kuwa ado ce. A haƙorin da ake cirewa a mayar abin ba wuya, tunda robar ce ke riƙe da haƙoran, sai a bar tsaga milimita ɗaya ko biyu a tsakaninsu. Sharaɗin dai ki faɗa tun ranar farko, ki kuma je da hoto. In kuwa kina da wushirya aka ƙi barin ta, dole a sa miki haƙora masu faɗi don su cike wurin, nan ne za ki ga baki ya canja.

RANAR GWAJI

Wannan ita ce ranar da ta fi kowacce. Kafin a dafa robar ta ƙarshe, ana jera haƙoran a kan kaki a sa maka a baki. Muddin suna kan kaki ana iya matsar da su, a canja launi ko siffa. Da an dafa kuwa, gyara sai kaɗan, wani lokaci sai sabon aiki da sabon kuɗi. Kada ka yarda da cinikin biri a sama, ka ce sai ka gani. Ka tafi da wanda ya san ka kuma ba ya jin nauyin gaya maka gaskiya. Ka riƙe madubi nesa da tsawon hannu, domin daga nan mutane ke kallonka.

Sannan ka yi magana. Likitoci sun saba sa mutum ya furta harafin “f”, domin a Turanci haƙoran sama na taɓa leɓen ƙasa. Amma Bazamfare “hwari” yake cewa da “tahi”, haƙorinsa bai taɓa leɓe ba, ka ga gwajin bai kama shi ba. Gara ka ƙirga daga sittin zuwa saba'in, ka ce “tsamiya”, ka ce “zuma”, a ji ko kana fito ko harshe na sarƙewa. Ka kuma karanta abin da ka saba karantawa a salla, domin haruffan Larabci irin su fa, da zal, da sa mai ɗigo uku, da bakin haƙoran sama ake fitar da su. Liman ko malamin makarantar allo kada ya bar wurin sai ya gamsu da wannan.

INA ZA A JE?

Akwai sashen haƙori a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. A fara tambaya a babban asibitin da ya fi kusa, su za su ce ga inda za a dosa. Cikakken baki yakan ci zuwa huɗu ko biyar, na haƙori ɗaya ko biyu bai kai haka ba. Saboda haka a lissafa da kuɗin mota da halin da hanya take ciki, masu noman rani a Bakolori kuma su duba lokacin da aiki ya yi sauƙi. A sani kuma bayan cire haƙori dasashi da ƙashi suna motsewa, musamman a watanni uku zuwa shida na farko. Wanda aka sa da wuri zai yi sako-sako, sai an koma an cike shi.

A guji masu sa haƙori a bakin kasuwa, waɗanda ke liƙe shi da na kusa da shi ba ya fita. Abinci na maƙalewa a ƙarƙashi, baki ya yi wari, dasashi ya kumbura, ƙarshe a rasa masu lafiyar ma. Araha ba ta ado. Na asibiti ma a riƙa cire shi da dare, a wanke da burushi mai laushi da sabulu, a ajiye a ruwan sanyi. Ruwan zafi na lanƙwasa shi, toka da gawayi na kankare shi, in ya karye kuma kada a liƙe da Super Glue.

Ɗan kasuwarmu na Mafara, ka koma wurin likita da haƙorin da tsohon hotonka, sau da yawa ana iya canja haƙoran biyu ba tare da an taɓa na bakinka ba. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya. A ci gaba da aiko da wasiƙu da saƙonnin waya, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalam.