Zuciyar da ke tsayawa ƙarfe shida

Ga tambaya: wane mutum ne zuciyarsa ke tsayawa kullum ƙarfe shida na safe, ta yi minti goma sha biyu shiru, sannan ta ci gaba da bugawa, shi kuwa yana bisa keke yana zufa lafiya ƙalau? Ni ne. Haka dai allon kwamfutata ya yi ta shaida mini kusan mako uku a hunturun bara.

Sana'ata rubuta manhaja, kuma ina kula da shafukan intanet na wasu ƴan kasuwa a kan wata saba da nake haya a birnin Frankfurt na Jamus. Abin da ke wanke mini kai shi ne keke. Idan hazo ya rufe Kano ƙura ta hana numfashi, sai in ɗora keken a kan turken motsa jiki cikin ɗakin aikina, in ɗaura ɗamarar awon zuciya a ƙirji. Ɗamarar tana aika bugun zuciya ta iska, da tsarin da ake kira ANT+, zuwa wani ɗan makarɓi mai girman farcen babban yatsa da ke soke a gefen kwamfuta. Ina dawowa daga masallaci nake hawa. Shida saura minti goma lamba tana 120, tana haurawa 135, tana 140. Shida daidai sai ta ɓace.

Uwargida ta leƙo ranar nan ta ga layin ya miƙe. "Maigida, ka daina wasa da wannan abu, ka je a duba ka." Na kama hannunta na ɗora a wuyana. Jijiya tana harbawa kamar ganga. To zuciyar ƙirji tana nan daram. Wa ke kashe ta allo?

Na fara kama batir, don shi ne ɓarawon da aka saba kamawa. Na sa sabon CR2032. Washegari, shida, shiru. Batir kuma ba shi da agogo, balle ya san lokacin suma.

Sai na juya kan hunturu, kuma a nan na ji kamar na kama bakin zaren. Ɗamarar ba ta jin zuciya sai fata ta yi laima, busasshiyar iska kuma tana sa rigar roba ta tara wutar nan da ke tartsatsi idan ka taɓa ƙofar mota. Na jiƙa ɗamarar, na sa rigar auduga. Na ma ajiye bokitin ruwa a ɗakin. Amma ai wanda fatarsa ta bushe a farkon tafiya yake shan wahala, ba bayan ya jiƙe da zufa ba. Shida ta yi. Shiru.

Janareton maƙwabci fa? Na saurare shi kwana uku. Wata rana ya tashi biyar da rabi, wata rana bai tashi ba sam. Ba ruwansa.

Wanda na fi zargi shi ne akwatin Wi-Fi, kuma hujjata tana da ƙarfi. ANT+ yana magana ne a kan megahaz 2457. Tasha ta goma ta Wi-Fi kuma tsakiyarta megahaz 2457 ce, ba ragi ba ƙari. Na buɗe saitin akwatin, gabana yana faɗuwa don murna. Tasha ta goma! Na mai da shi tasha ta ɗaya. Don kada in bar ƙofa, na kashe Wi-Fi ɗin gaba ɗaya, na jawo kebul zuwa kwamfutar. Na kwana ina jin na gama shari'a.

Shida saura minti ɗaya, 141. Shida, babu.

A nan na daina kallon keke. Ranar Juma'a ban hau ba, na zauna aiki da sassafe. Ina cikin jan linzamin kwamfuta, marar waya ne, sai kibiyar ta fara tsalle, ta tsaya, ta zabura. Na ɗaga kai na dubi agogo. Shida da minti biyu. Ba ɗamara a jikina. Ba keke.

Ashe shaidu biyu ne. Linzamin ma a zangon gigahaz 2.4 yake aiki, makarɓinsa kuma yana soke kusa da na ɗamarar. Wani abu ne a kan teburin nan yake tashi ƙarfe shida. Na bi jerin ayyukan da na tsara wa kwamfutar, babu ko ɗaya na ƙarfe shida. Na shiga sabar Frankfurt. Nan ma babu. Akwai dai wani na ƙarfe biyar.

Biyar.

Agogon sabar a kan lokacin UTC yake, Najeriya kuma tana gaba da shi da awa ɗaya. Biyar ɗinta shida ce a Kano. A wannan lokaci take naɗe kwafin shafukan mutane, kwamfutata kuma ta jawo shi ta zuba a rumbun ajiya na waje. Na bi kebul ɗin rumbun da ido. Gajere ne, siriri, yana shiga kafar USB mai shuɗin harshe, tazarar yatsa ɗaya daga makarɓan nan biyu. Ɗan hasken rumbun yana ƙiftawa.

Ban yarda ba sai na gwada. Da azahar na ɗaura ɗamara, na hau keke, na tura wa rumbun babban fayil. Zuciya ta ɓace. Na tsayar da turawar. Ta dawo. Na sake. Ta ɓace. Sau biyar ina kashe ta ina tayar da ita da danna maɓalli ɗaya.

Abin da ya fi burge ni shi ne mai laifin ba rediyo ba ne, ba a ƙera shi don ya yi magana ta iska ba. USB 3.0, wanda aka fitar da ƙa'idarsa a 2008, yana tura bayanai a gudun gigabit 5 a daƙiƙa, tsohon USB 2.0 kuwa megabit 480 ne. Idan sifili da ɗaya suna bin juna a wannan gudu, wutar cikin wayar tana kai da komo sau biliyan biyu da rabi a daƙiƙa, wato gigahaz 2.5, maƙwabcin zangon da linzami da ɗamara suke. Kuma da gangan ake gauraya bayanan kafin a tura su, don haka ƙarar ba ta tsayawa wuri ɗaya, bazuwa take yi kamar shuuu ɗin rediyo tsakanin tashoshi. Duk inda rufin kebul ko bakin kafar ya yi sako-sako, nan take yoyo. Injiniyoyin Intel sun wallafa takarda a kan wannan a 2012, inda suka auna ƙarar tana ƙaruwa da kusan desibel 20 a zangon, ninki ɗari ke nan. Ita kuwa ɗamarata raɗa take yi, saƙo kusan huɗu a daƙiƙa, daga batir mai faɗin kwabo. Ka ɗauka mutum yana maka raɗa daga ƙofar zaure, wani kuma ya kunna injin niƙa a gindin kunnenka. Rumbun yana barci sauran yini, ƙarar tana barci da shi. Kwafin shafukan kuma minti goma sha biyu yake ɗauka.

Ban taɓa jadawalin ajiyar ba, amanar mutane ce. Na sayo kebul na ƙarin tsawo, mita biyu, irin na USB 2.0, na soke makarɓin ɗamarar a bakinsa na rataye shi a hannun keke. Na linzami na mai da shi ɗaya gefen kwamfutar.

Washegari uwargida ta tsaya a bakin ƙofa da kofin shayi, idonta a kan allo. Shida saura daƙiƙa goma, 142. Hasken rumbun ya fara ƙiftawa. Shida da minti ɗaya, 143.