Abin da yaro ke tunawa da zaman asibiti

Uwa, uba, ko kakar da ta zo jinya: in likita ya ce yaronku zai yi makonni a kwance, mun san abin da ke zuwa ranku. Gona tana jira, ga sauran yara a gida, ga kuɗin abinci. Sai mutum ya ce, "Ai yana hannun likita, bari in je in dawo." Kafin ku ɗaure kaya, ku ji labarin wani gari.

Sunan garin Berk, yana bakin teku a arewacin Faransa. A shekarar 1869 aka buɗe babban asibitin yara a can, daga baya wasu asibitoci suka biyo. Yawancin yaran tarin fuka ne ya kama su, amma ba a huhu ba. Ƙwayar cutar tana iya shiga ƙashin baya, ko kwankwaso, ko gwiwa, ta riƙa cin ƙashi a hankali har yaro ya yi doro. A lokacin babu maganin da ke kashe ta. Abin da likitoci suka sani shi ne hutu da abinci mai kyau da iskar teku. Sai a naɗe jikin yaro da filasta mai tauri, irin wadda ake ɗaure karaya da ita, a kwantar da shi rigingine don kada ƙashin ya motsa. Wani ya yi shekara biyu a haka, wani uku, wani ma fiye. In rana ta yi kyau a kan fitar da su kwance a cikin amalanke, jaki yana ja, zuwa bakin ruwa.

Masu jinyarsu da yawa sistoci ne, wato matan Katolika da suka bar aure suka ba da ransu ga hidimar Allah. Su ke wanka, su ke ciyarwa, su ke juya yaro kada bayansa ya yi gyambo. Aiki ne mai nauyi, kuma yara da yawa sun tashi da ƙafafunsu saboda shi. Amma iyaye suna nesa, wasu a Faris, ziyara kuwa sai jefi-jefi. Akwai waɗanda suka yi wannan zama suna yara, yau sun tsufa. Wani sistar da ta yi masa kirki yake tunawa, wani mai tsanani. Abin da ya fi maimaituwa a bakinsu shi ne jira: a zuba wa ƙofa ido ko Mama za ta shigo. Wasu da aka sallame su, sun koma gida suna kallon iyayensu kamar baƙi.

Ba a Faransa kaɗai ake raba yaro da uwarsa ba. A Ingila ma asibitoci da yawa sukan bar iyaye su shigo sau ɗaya a mako, wasu sau ɗaya a wata. Dalilinsu shi ne tsoron yaɗuwar cuta, da kuma wai ziyara tana tayar wa yara hankali, tun da suna kuka in uwa ta tafi. A 1952 wani mai bincike, James Robertson, ya ɗauki fim ɗin wata yarinya ƴar shekara biyu da ta yi kwana 8 kacal a asibiti. Shi da abokin aikinsa likita John Bowlby sun bayyana matakai uku. Da farko yaro yana kuka yana neman uwarsa. Sannan ya yanke ƙauna, ya yi shiru. Daga ƙarshe, in abin ya daɗe, uwa ta zo ya kau da kai. Wannan shirun ne ma'aikata suke ɗauka sabo, har a ce yaron yana da hankali. Ashe baƙin ciki ne. A 1959 wani kwamitin gwamnatin Ingila ya ba da shawara a bar iyaye su ziyarci ƴaƴansu kowane lokaci, uwar ƙaramin yaro kuma ta kwana tare da shi.

Mu a nan, al'adar majinyaci ta riga ta ba mu abin da su sai da suka sha wuya suka gano. Kada mu sake ta. In dole ne uwa ta koma gida, a kawo wanda yaron ya sani: kaka, gwaggo, ko yarsa babba, kuma a bar mutum ɗaya ya daɗe, ba yau wannan gobe wancan ba. Kada ki sulale yana barci. Ki faɗa masa za ki tafi, ki faɗi ranar dawowa yadda zai gane, kamar "ranar kasuwa", ki kuma cika. Ki bar masa zanenki ko ƙoƙon da ya saba sha da shi. Zai yi kuka, babu laifi. Kukan ya fi shirun nan lafiya. Kuma don Allah a daina tsorata yara da cewa za a kira likita ya yi musu allura. In za a yi allurar, a gaya masa gaskiya: za ta yi zafi kaɗan, ina nan riƙe da kai.

Ita cutar da ta kwantar da yaran Berk tana nan har yanzu a ƙasashenmu, sai dai yau tana da magani. Tarin fuka na ƙashi a jikin yaro wata 12 ake sha masa magani: iri huɗu a wata biyu na farko, sannan iri biyu har wata goma. Yawancin wannan lokaci a gida yaro zai yi shi, in an zo da wuri. In yaronku yana kukan ciwon baya mako da makonni, yana rama, ba ya iya sunkuyawa ya ɗauki abu sai ya tsuguna, ko kun ga tudu ya fito a gadon bayansa, ku kawo shi. Kada ku jira sai ƙafafu sun mutu. Ku gaya wa likita in akwai mai tsohon tari a gidan, domin shi ma a duba majinarsa.