Gyaran Jirgin Sama: Ɗan Manomi Zai Iya Koyonsa?

Iyaye da yawa a ƙungiyoyinmu na manoma suna tambayarmu irin aikin da ya kamata yaro mai son ƙarafa ya nema in ya gama sakandare. Kusan kowace ƙungiya tana da irin yaron nan. Shi ake kira in injin niƙa ya tsaya, ko famfon ban-ruwa ya ƙi tashi. A wannan fitowa muna so mu yi magana a kan wani aikin da ba a cika ambatonsa a ƙauye ba, watau gyaran jirgin sama da duba lafiyarsa.

In an ce jirgin sama, hankalin kowa yakan tafi wurin matuƙi. Amma matuƙi ba ya tashi sai wani a ƙasa ya duba jirgin, ya sa hannu a littafi cewa ya isa tafiya. Wannan mutum shi ne injiniyan gyara mai lasin. Akwai dubawar kowace rana. Akwai wadda ake yi in jirgi ya cika sa'o'in tashi da aka ƙayyade. Akwai kuma babba, bayan 'yan shekaru, inda ake kwance shi har da kujeru, ana neman tsatsa da tsaguwa. Kome aka taɓa sai an rubuta. Ko sifana ɗaya ta ɓace, ba a sallamar jirgi sai an gan ta, domin kada a ce tana cikin inji.

Me ya kawo wannan tsanani? Bari mu tuna da abin da ya sami maƙwabtanmu. Ran 11 ga Yuli 1991 wani jirgi ya taso daga Jidda da alhazai, zai kawo su Sakkwato. Biyu daga cikin tayoyinsa ba su da isasshiyar iska. Masu gyara sun san da haka. Da safen nan babban makaniki ya nemi iskar naitirojin da ake hura wa tayar jirgi, ba a same ta nan da nan ba, sai wani jami'i wanda ba ya son a makara ya ce a tafi haka. Tayoyin suka fashe tun jirgin yana gudu a ƙasa, suka kama wuta. Matuƙan ba su san da wutar ba, suka naɗe ƙafafun zuwa cikin jirgi yadda aka saba. Sun juyo za su sauka, amma wuta ta riga ta ci jirgin. Mutum 261 ke ciki, ko ɗaya bai tsira ba. Daga baya masu bincike suka tarar an sauya lambobin awon iskar a takarda.

Ku lura, jama'a, ba rashin iya aiki ba ne ya kashe mutanen nan. An ga aibin. Abin da aka rasa shi ne wanda zai tsaya ya ce ba za a tashi ba, ko da manya za su yi fushi.

Wani abu kuma ya faru a Ingila a 1990. Injiniya ya sake gilashin gaban jirgi da dare, ya zaɓi kusoshi da ido maimakon ya duba littafi. Cikin kusoshi 90, guda 84 sun fi na ƙa'ida siranta, bambancin bai kai milimita ɗaya ba. A sama gilashin ya fita, iska ta ja matuƙi har rabin jikinsa na waje. Allah ya kiyaye, ya rayu. Mu da muka saba cewa “ai wannan ma zai yi” in muna ɗaure garma da waya, sai mu sani wannan hali ba shi da wuri a can.

To, ina ake koyo? A Nijeriya babbar makarantar tana Zariya, watau Kwalejin Koyon Aikin Jiragen Sama, wadda aka kafa a 1964. Ba matuƙa kaɗai take koyarwa ba. Mai neman gyara yakan bi ɗayan hanya biyu: ko gangar jiki da inji, ko lantarki da na'urorin sadarwa. Ana bukatar kyakkyawan sakamako a darussa biyar, ciki har da Turanci, lissafi da fizis. Turancin ba na ado ba ne, gama littattafan gyara da shi aka rubuta su. Gama makaranta kuwa ba shi ne lasin ba. Bisa ga ƙa'idar duniya, sai mutum ya cika shekara 18, ya kuma yi aiki da hannunsa shekara huɗu, ko biyu in ya fito daga makarantar da aka amince da ita. Sa'an nan ya ci jarrabawar hukumar NCAA, wadda ke ba da lasin. Bayan wannan ma, kowane irin jirgi da nasa horon.

Sufeton lafiyar jirgi kuwa ba aikin sabon shiga ba ne. Daga cikin injiniyoyin da suka daɗe a aiki hukuma ke ɗauka, su riƙa bin kamfanoni suna duba jirage da littattafansu, suna da ikon hana jirgi tashi.

Ba za mu ɓoye muku ba, hanyar tana da tsawo, kuɗin makaranta da nauyi, guraben aiki kuma suna manyan birane kamar Ikko, Abuja da Kano. Gida ɗaya da wuya ya ɗauka. Amma ƙungiyar da ta iya haɗa kuɗin taki da na injin casa za ta iya tattauna rancen karatu ga yaro ɗaya, ko yarinya, gama mata ma suna wannan aiki. In za ku zaɓa, kada ku tsaya ga sakamakon jarrabawa kaɗai. Ku tambayi ma'aji wane ne yakan mayar da canji cif, ku tambayi mai injin niƙa wane ne yakan faɗi gaskiya in ya ɓata abu.

Iyayen da yaransu ke aji uku na ƙaramar sakandare su tabbata sun shiga ajin kimiyya, kada su bar fizis don ana cewa yana da wuya. Game da fom da kuɗi kuma, a tambayi ofishin kwalejin a Zariya kai tsaye. Kada a ba wani ɗan tsakani ko kwabo don ya ce zai samo gurbi.